RAGE ƘIBA: HORON YUNWA KO GYARAN CIMA?

Gabatarwa

A ƙasar Jabo da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, idan aka ce wane ya yi ƙiba, galibi yabo ake nufi. Tumbi alama ce ta hutu da wadata, mace mai jiki kuwa akan ce mijinta ya iya kiwo. Wannan fahimta tana da tushe, domin mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san cewa rama ce kan fara shiga gida kafin mutuwa ta biyo baya. Amma zamani ya juya. A yau cikin garuruwan nan akwai malaman makaranta da 'yan kasuwa da matan aure da likita ya auna, ya shaida musu cewa sukari ya hau ko jini ya hau, kuma lalle ne su rage nauyi. Da jin haka sai yawancinsu su shiga horon yunwa: su ƙaurace wa tuwo, su bar karin kumallo, su sayi shayin rage ƙiba. Bayan wata biyu riga ta yi musu yawa, bayan shekara guda kuma ta koma ta matse su fiye da da.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, horon yunwa na ɗan lokaci ba ya maganin ƙiba. Abin da ke magani shi ne gyaran cima, gyaran da mutum zai iya rayuwa da shi har tsufansa. Za mu duba hujjojin da kimiyya ta kawo a kan haka, sa'an nan mu ga yadda za a aiwatar da shi da abincin da muke nomawa a gonakinmu.

Mece Ce Ƙiba a Kimiyyance?

Masana kiwon lafiya suna da ma'aunin da suke gwada nauyin baligi da tsawonsa. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita bayan an ninka tsawon sau kansa. Misali, mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 80, za a ninka 1.7 sau 1.7 a sami 2.89, a raba 80 da shi a sami 27.7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ne madaidaici, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai haɗari. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da irin wannan ƙiba. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ƙiba kuwa, musamman kitsen da ke taruwa a tumbi, tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa.

Me Ya Sa Horon Yunwa Ke Gazawa?

Da farko, nauyin da ke zubewa a makon farko yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa. Idan mutum ya daina cin tuwo, wannan ajiya ce ke fara ƙarewa, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya sauka, mai shi ya yi murna. Kitse kuwa bai cika motsawa ba tukuna, domin kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kuzarin da ya kai kalori 7,700.

Na biyu, jiki yana da dabara irin ta magidanci mai rumbu. Idan damina ta yi nisa, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, maigida yakan rage awon da yake fitarwa kullum don ya kai iyalinsa kaka. Haka jiki yake yi idan ya ji abinci ya yanke: sai ya rage kuzarin da yake ƙonawa. An tabbatar da wannan tun a 1944 zuwa 1945, lokacin da Ancel Keys na Jami'ar Minisota a Amurka ya yi gwaji da maza 36 da suka ba da kansu. An rage musu abinci da kusan rabi har wata shida. Sun zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Suka zama masu saurin fushi, marasa kuzari, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su kuwa, suka ci kamar ba gobe, kitsen da yawancinsu suka tara ya wuce na farko.

Na uku, akwai sinadarai a jini masu kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ɗaya shi ne leftin, wanda aka gano a 1994. Kitse ne ke fitar da shi don ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Ɗayan shi ne girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Tumbi ne ke fitar da shi don ya tayar da yunwa. A 2011 masana a birnin Melbon na Ostireliya suka buga sakamakon bincike kan mutum 50 da aka sa wa tsananin ragin abinci na mako goma. Shekara guda bayan haka, leftin yana ƙasa, girelin yana sama, mutanen kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Wato wanda ƙibarsa ta dawo ba lalle ne ya zama rago ko makwaɗaici ba. Da jikinsa yake kokawa, jiki kuwa ba ya gajiya.

Muna da misali na kusa. Bincike da dama da aka yi a ƙasashen Musulmi sun nuna cewa mutane kan rage kilo ɗaya da 'yan kai a watan Ramadan, sa'an nan nauyin ya dawo cikin 'yan makonni bayan Salla. Azumi ibada ce, ba don rage ƙiba aka wajabta shi ba, amma darasin a fili yake: wata guda na kamewa ba ya gyara wata goma sha ɗaya na sakaci. Hatta allurar zamani mai suna semaglutide, wadda ke rage nauyi ƙwarai, wani rahoto na 2022 ya nuna waɗanda suka daina ta sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar a cikin shekara ɗaya.

Wani zai ce, ai akwai waɗanda tsananin ragin abinci ya amfana. Gaskiya ne. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2017, kashi 46 cikin ɗari na masu ciwon sukari da aka ɗora a kan abinci ƙanƙane sun sami sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Sai dai a lura, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi shi, kuma bayan watannin farko an koya musu sabuwar cima, aka ci gaba da bibiyar su. Duk da haka, a shekara ta biyu adadin ya sauka zuwa kashi 36. Ashe ko a nan ma, ɗorewa ce ke yanke hukunci.

Abin da Ke Ɗorewa

A 2002 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Wasu aka ba su ƙwayar metformin, wasu kuma aka koya musu gyaran cima da motsa jiki na minti 150 a mako, da nufin su rage kashi 7 cikin ɗari kacal na nauyinsu. Ƙwayar ta rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin ɗari, gyaran rayuwa kuwa ya rage da kashi 58. Kashi 7 ga mai kilo 80 bai kai kilo shida ba. Ba a buƙatar mutum ya koma kamar kara kafin ya sami lafiya.

Sabo kuma yana son lokaci. Wani bincike a Landan da aka buga a 2009 ya gano cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, ga wasu ma har fiye da kwana 200. Saboda haka hikima ita ce a ɗauki gyara ɗaya, a riƙe shi har ya zauna, sa'an nan a ƙara wani. Ga waɗanda suka fi dacewa da yankinmu:

Sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, kuma ya fi kyau a tsaya kan kimanin giram 25, wato cokalin shayi shida. Lemon kwalba ɗaya mai santilita 35 yana ɗauke da kusan giram 35. Wanda ke shan kwalba ɗaya kullum yana haɗiye kusan kilo 13 na sukari a shekara daga nan kaɗai, ban da na teburin mai shayi da na kunu da fura. A rage cokali ɗaya a kowane mako, harshe zai saba. Kakanninmu da nono kaɗai suke dama fura.

Mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali na hatsi ko na abinci mai gina jiki 4 ne. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Uwargida ta riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, a kuma rage soye-soye.

Hatsi. Gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba suna da harza mai jinkirta narkewar abinci, don haka suna riƙe ciki fiye da burodi da taliya da farar shinkafa. Kuskure ne mai ƙiba ya guji tuwon dawa ya koma burodi da shayi yana zaton ya ci gaba. Malmala ce za a rage, ba tuwon za a kora ba.

Ganye da wake. Zogale da rama da yakuwa da tafasa da kuka da kuɓewa suna cika ciki da kuzari kaɗan, suna kuma ba da sinadaran kare jiki. Kwaɗon zogale ko faten wake kafin tuwo yakan sa a ƙoshi da rabin malmala. Gishiri kuma kada ya kai giram biyar a yini, tare da lissafin wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Tafiya. Manomin da ya yini da fartanya yana ƙona abin da ya ci. Malamin da ke hawa kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji, amma yana cin malmalar manomi, dole ragowar ta zama kitse. Tafiyar rabin sa'a kwana biyar a mako ta cika minti 150 ɗin nan. Mata kuma suna iya samun nasu a tsakar gida ko a ziyarar 'yan'uwa da ƙafa.

Duk waɗannan sun dace da koyarwar da muka taso da ita ta raba ciki kashi uku: na abinci, na ruwa, da na numfashi.

Gargaɗi ga Ɗalibai da Malamai

Kada wannan bayani ya sa a manta cewa babbar matsalar yankinmu har yanzu ta haɗa da ƙarancin abinci. Binciken 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. A gida ɗaya akan sami uba mai tumbi da yaro mai tamowa. Ɗalibin sakandare yana cikin girma, ƙashinsa da jininsa da ƙwaƙwalwarsa suna buƙatar abinci, kuma ma'aunin da muka kawo a sama na baligai ne. Yarinyar da ta bar karin kumallo don ta yi kama da wata da ta gani a waya tana jawo wa kanta ƙarancin jini da rashin fahimtar karatu. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin sukari, kada su rage abinci sai da shawarar likita.

A kuma yi hattara da magunguna ta fuska biyu. Da yawa daga shayin rage ƙiba ganyen sa zawo ne irin filasko. Ruwa da gishirin jiki yake fitarwa, kitse yana nan inda yake. Ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke sha don su yi jiki kafin aure kuwa, sau da yawa suna ɗauke da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya ɗaga sukari da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki.

Malaman kimiyya da na aikin gona suna da rawar takawa. Su sa ɗalibai su karanta adadin sukarin da aka rubuta a jikin kwalba, su auna shi da cokali a gaban aji, kowa ya gani da idonsa. Su dasa zogale a harabar makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya fahimci abin da ke cikin kwanonsa zai kai ilmin gida.

Kammalawa

Kafin mutum ya ɗauki kowace hanya ta rage ƙiba, ya yi wa kansa tambaya ɗaya: shin zan iya ci gaba da wannan nan da shekara goma? Idan amsar a'a ce, to nauyin da zai zubar aro ne, kuma jiki zai karɓi abinsa har da ƙari. Idan kuwa amsar i ce, ko da rabin kilo yake ragewa a mako biyu, ya kama hanya. Abin da ake buƙata yana cikin rumbunanmu da lambunanmu na fadama: gero, dawa, wake da ganye, sai haƙuri da awo. Hausawa sun ce yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.