Wa Zai Ɗinka Wa Ɗan Riƙo Rigar Salla?

Duk shekara, da zarar azumi ya kai ashirin, telolin Keffi sukan daina barci. Tun daga Ikko da Badun da Shagamu, har Anacha da Fatakwal, 'yan Arewa mazauna Kurmi sukan shiga aika kuɗi gida, kowa da jerin sunayen waɗanda za a ɗinka wa. A jerin nan akwai uwargida, akwai amarya, akwai 'ya'yan cikinsa har da na goye. Amma sau da yawa akwai suna guda da alƙalami yakan tsallake, watau na yaron da ke riƙo a gidan: ɗan marigayi wa, ko 'yar ƙanwar da aurenta ya mutu, ko agolan da ya biyo uwarsa. Shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai zuwa niƙa, shi ne mai tallan da ake cin ribarsa. Ranar Idi kuwa sai a miƙa masa kwancen bara, a ce ya gode Allah. Wannan zalunci ne, ko a gidan alhaji aka yi shi, ko a gidan malami.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da can in aka yaye yaro, kaka ko gwaggo ko kawu kan ɗauke shi. Ɗan fari, saboda alkunya, galibi a hannun kakanni yake tashi. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, dangi kan ba ta ɗa ta rena har ta yi masa aure. Riƙo a wancan zamani girmamawa ne, har ɗan kaka yakan fi 'yan'uwansa gata. Yau kuwa wasu sun mai da shi hanyar samun bara wanda ba a biya, sa'an nan su buɗe baki su ce zumunci suke yi.

Ga kuma wani salon da ya shigo. Ranar jajibere, manyan mutane da masu neman ƙuri'a sukan ɗunguma zuwa gidajen marayu da buhunan shinkafa da rago, mai ɗaukar hoto na biye. A jera yara a rana, a ce su yi murmushi, kashegari hoto ya cika jaridu da Facebook. Ba wanda ya ce kyauta laifi ce. Amma Salla biki ɗaya rana ce: shinkafa za ta ƙare, kuɗin makaranta da na magani suna nan suna jira. Bugu da ƙari, akasarin marayu ba a gidajen marayu suke ba. Suna cikin gidajen dangi, bayan zaure, inda mai hoto ba ya leƙawa.

Ba kuwa rashin doka ne ya kawo haka ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta amince da ita a 1991. A 2003 aka kafa Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya, Jihar Nasarawa kuma, wadda aka cire daga Filato a 1996, ta yi tata a 2005, tun kafin yawancin jihohin Arewa su motsa. Dokar Tarayya ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Ta keɓe babi guda a kan riƙo, ta ɗora wa mai riƙo kula da yaro kamar ɗan cikinsa, ta tanadi rajistar 'ya'yan riƙo da jami'an da za su riƙa duba halin da suke ciki. To, doka a takarda ba ta ɗinka riga. Keffi ba ta wuce tafiyar kilomita 50 daga Abuja ba. Gari ne mai sarauta tun zamanin Abdu Zanga, mai jami'a, mai babban asibitin Tarayya, mai Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye irin su marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Gari irin wannan ba shi da uzuri. Wajibi ne hukumomin jin daɗin jama'a su fito su gaya wa talakawa yara nawa ne ke cikin rajista, sau nawa kuma ake ziyartarsu.

Addini ma bai bar wa kowa mafaka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ya tashi, a hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi, sa'an nan baffansa Abu Ɗalibi. An shar'anta zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane kai, don kada matalauci ya wuni yana roƙo ranar Idi. Ina amfanin a auna wa na waje hatsi, alhali na cikin gida yana laɓe saboda kunyar tsumman jikinsa? Maƙwabta Kirista kuma, abin da ya hau kan Musulmi da Salla shi ya hau kansu da Kirsimeti.

Ɗan Arewa da ke Kurmi ya fi kowa cancantar ya tsaya ya yi tunani. Da yawansu nasu 'ya'yan ma a hannun wasu suka baro su. Direban tirela da falken shanu da mai albasa, kullum ransu a kan titi yake. Wanda ya kwana uba yana iya wayewa gari 'ya'yansa marayu. Doma da Awe duk a Nasarawa suke, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Saboda haka gyara ya fara daga aljihun mai aike. Ya rubuta sunan kowane yaro da ke kwana a gidansa, a yanko musu yadi ɗaya, a kai wa tela ɗaya, goron Salla kuma a raba daidai. Ranar Idi in ya buga waya, ya ce a ba shi ɗan riƙo ya ji muryarsa da kunnensa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke ƙarƙashin sarakunan Hausawa a Agege da Sabon Badun su buɗe asusun marayun membobinsu, mai biyan kuɗin makaranta kowane zango. Gadon maraya a rubuta shi gaban shaidu, a tsare har ya mallaki hankalinsa. Masu unguwa da limaman Keffi kuwa sun san gidajen da ake wannan aika-aika, kada nauyin baki ya hana su faɗa.

Yaro ba ya manta Sallar da aka ware shi, ba ya kuma manta wanda ya tuna da shi. Ɗa na kowa ne. Allah ya sa a gyara tun kafin watan ya tsaya.