Ciwon Sukari da Amanar Ƙoda

Lafiyar jiki amana ce wadda Allah Maɗaukakin Sarki zai tambaye mu a kanta. Saboda haka yau muna jan hankalin masu ciwon sukari na Sule Tankarkar da sauran ƙasar Gumel.

Da yawa sun san ciwon yana taɓa ido da ƙafa, amma ba su san yana cin ƙoda a ɓoye ba. Yawan sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke tace jini, shekara da shekaru, mutum bai ji ciwo ba. Kafin kumburi ya bayyana, ɓarna ta yi nisa, har ta kai ga wankin ƙoda sau 3 a mako, ko dashe irin wanda Asibitin Aminu Kano ya fara a 2002.

Tawakkali bai hana neman magani ba. Wajibi ne mai ciwon ya je Babban Asibitin Gumel a auna fitsarinsa da jininsa ko da sau ɗaya a shekara, ya kula da hawan jini, ya rage gishiri. Ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya guji haɗe-haɗen 'yan talla da yawan ƙwayoyin ciwon jiki. Wanda likita ya hana azumi kuwa, ya karɓi rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.