Wa Ya Ce An Gano Duniya ta Biyu?

Duk lokacin da masana taurari suka sanar da gano wata 'yar duniya, kan ka ce kwabo labarin ya zagaye wayoyin samarin unguwar Briqueterie da kanu guda: an samu duniya ta biyu. A teburin mai shayi har ana rantsuwa cewa Turawa sun fara ɗaure kayan ƙaura. Maganar ba ta da tushe, kuma 'yan jarida nake ɗora wa laifin.

A duba Proxima b, wadda aka sanar a watan Agustan 2016. Har yau babu wanda ya ɗauki hotonta. Abin da na'urar La Silla da ke ƙasar Chile ta auna shi ne 'yar girgizar da tauraronta ke yi, daga nan aka ƙiyasta cewa nauyinta bai gaza na duniyarmu ba. Teku da duwatsun da ake yaɗawa a WhatsApp zanen kwamfuta ne.

Tauraron nata ja ne, ƙarami, mai raunin haske, shi ya sa sai ta manne masa take samun ɗumi. Cikin kwana 11 take kewaye shi. Kusancin nan shi ne masifar. Masana na ganin fuska ɗaya take ba shi har abada, kamar tsiren da mai suya ya manta bai juya ba: gefe ɗaya na ƙuna, ɗayan bai ga wuta ba. Ga shi irin waɗannan taurari kan yi aman wuta ba zato, wanda zai iya kwashe iskar da ke lulluɓe da duniyar da ke kewaya su. A 2023 madubin James Webb ya leƙa TRAPPIST-1 b, wata da ke kewaya jan tauraro, bai sami alamar iska mai kauri ba, zafin gefen ranarta kuwa ya kai wajen digiri 230.

Nisan fa? Haske kansa sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya isa Proxima. Da gudun kumbon Voyager 1, tafiyar ta haura shekara 70,000.

Abin da ke min ciwo shi ne an binne ainihin abin mamakin. Ɗan Adam ya auna motsin tauraro da bai kai mita 2 a daƙiƙa ba, daga wannan nisa! Ɗalibin kimiyya a unguwar Ngoa-Ekellé da ɗan makarantar allo a Briqueterie duk sun cancanci a gaya musu yadda aka yi hakan. Edita da zai buga zanen, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa zane ne.