Martani: Tokar Gashin Kare Ba Ta Maganin Cizonsa

Malamin da ya yi rubutu makon jiya kan cizon kare ya ce iyaye su kwantar da hankali: a tsige gashin karen, a ƙona, a shafa tokar a raunin yaro, in ya bushe shi ke nan. Hujjarsa, haka aka yi wa yaran garinsu kuma suna nan lafiya lau.

Malam, karnukan da suka cije su, wa ya tabbatar mahaukata ne? Yawancin karnuka ba sa ɗauke da cutar haukan kare, yaran nan ko ba toka ma za su tashi. Waɗanda mahaukacin kare ya ciza fa, suna ina?

Rauni yakan bushe alhali ƙwayar cutar tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sau da yawa wata 2 zuwa 3 kafin alama ta bayyana. Na ga yaro ɗan shekara 7 a unguwarmu, tabon ƙafarsa har ya dushe. Aka miƙa masa moɗa, ya riƙe maƙogwaro yana ihu, ya kasa haɗiyar ruwa. In an kai nan, likita ba shi da ta yi.

Kuma ka tsallake abu mafi sauƙi: a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa, minti 15 cur, a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi. Ka ce allurar da tsada. Gaskiya ne, amma wannan kuka gwamnati za ka kai wa. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10 ana lura. In ya mutu, a kira likitan dabbobi, a ɗakin gwajin dabbobi da ke Vom ana gwada ƙwaƙwalwarsa.