A Kawo Awon Hawan Jini Ƙofar Masallaci

"Lafiyarsa ƙalau fa, banɗaki ya shiga ya yanke jiki ya faɗi." Da wuya ka zauna wurin ta'aziyya ba ka ji wannan magana ba. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce iska. Sau da yawa kuwa hawan jini ne, ya shekara da shekaru yana cin mutum ba ko ciwon kai, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ya kashe ƙoda. Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma barin cutar da awon minti biyar zai tona, wannan sakacinmu ne.

Magidanci ba ya zuwa asibiti sai ya kwanta, don haka awon ne ya kamata ya bi shi inda yake. An gwada haka a shagunan aski 52 na baƙaƙen fata a Los Anjeles ta Amurka, sakamakon ya fito a 2018. Inda masana magunguna suka riƙa zuwa shagon suna awo suna ba da magani, jinin mazan ya sauka da maki 27 cikin wata shida. Inda mai aski ya tsaya ga nasihar a je a ga likita, maki 9 kawai ya sauka.

Wannan bambancin ne ya sa nake ƙyamar awon kyauta na yini guda da masu neman suna ke shiryawa. A kafa rumfa, a ɗauki hoto, a gaya wa dattijo jininsa ya haura 140 bisa 90, a watse. An bar shi da fargaba, ba magani, ba wanda zai sake waiwayarsa. Wallahi cin amana ne.

Hanyar bin mutane inda suke kuma ba baƙuwa ba ce gare mu. Da sarakuna, limamai da matan da ke shiga gida-gida aka yaƙi shan inna har aka wanke Najeriya a 2020. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin janareta zai iya sayen na'urar awo, ya nemo ma'aikacin lafiya ɗan unguwa ya zauna duk bayan Juma'a da littafin sunaye. Mata a same su a Islamiyya. Wanda jininsa ya hau a tura shi asibitin sha-ka-tafi, wata mai zuwa a tambaye shi ko yana shan maganin, in kuɗi ne ya gagara a cire masa daga asusun unguwa.