Ɗan Marina namu ne, to wa ya karanta shi?

Ƴan uwana ɗalibai, tambaya gare ni. A cikinmu wa bai haddace tatsuniyar La Fontaine ba tun lakwal firamare? To, wa zai iya faɗin sunan waƙa ɗaya tak ta Wali Ɗan Marina? Shiru ke nan.

Sunansa Muhammadu Ibn al-Sabbag, ma'ana ɗan mai rini. Malami ne kuma mawaƙi, ya rayu a birnin Katsina a ƙarni na 17. Ya yi wa Sarkin Barno Mai Ali waƙa kan nasararsa a yaƙi da Kwararrafa. Ya kuma rubuta Mazjaratul Fityan, gargaɗi ga samari, wato mu ke nan. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka rufe Umaru Musa Ƴar'aduwa a 2010.

Wai sai ka ji ana cewa ai ɗan Najeriya ne. Haba! Lokacin da yake jiƙa alƙalaminsa babu Nijar babu Najeriya. Zuriyar sarakunan Katsina da suka bar birnin bayan jihadi ya ci shi a 1807 su suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ne. Wasu kuma su ce da Larabci ya yi rubutu. To Victor Hugo da Hausa ya yi nasa?

Ku dubi Tamilawa na kudancin Indiya. Tsohon mawaƙinsu Tiruballubar ya bar baiti 1,330 cikin babi 133. Yaransu na haddace su a makaranta, ana rubuta su cikin motocin haya, a 2000 kuma aka buɗe mutum-mutuminsa mai tsawon ƙafa 133. Ni ban ce a sassaƙa wa waliyyi gunki ba, Allah ya kiyaye. Karatun nake kishi.

Mu nan Madarunfa muna tinƙaho da kaburburan waliyyai 99 na bakin tabki. Ziyara mun iya ta, amma malamin da ake ziyarta ba a karanta shi an yi masa rabin biyayya ne.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Mi za mu karanta cikinta in ba mu fassara namu ba? Masu Larabci a cikinmu su bi malaman zaure na Maraɗi da Katsina su nemo kwafin waƙar samarin nan, mu zauna mu juya ta Hausa, mu buga a fitowa ta gaba. Kuɗin fotokwafi ba su kai na katin waya ba.