Jirgin sama haɗin gida: a ɗaura turbo ko a nemi babban inji?

Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a babbar mota daga Maraɗi zuwa Yamai ya san kalmar turbo, domin kuwa motocin gazuwal na yanzu kusan dukkansu da shi suke tafiya. A wannan mako za mu bi wannan ƙarfe har sararin samaniya, mu saurari wata gardama da ta daɗe tsakanin mutanen da ke haɗa jirgin sama da hannunsu, waɗanda mafi yawansu a ƙasar Amurka suke. Gardamar ita ce: mutum yana da ƙaramin inji wanda ƙarfinsa bai ishe shi ba, shin turbo zai ɗaura masa, ko kuwa injin da ya fi shi girma zai nema? A mota, kuskuren zaɓi iyakacinsa a kwana a bakin hanya ana jiran makanisiye. A sama kuwa babu bakin hanya.

Da farko ya kamata a san cewa haɗa jirgi a gida abu ne da doka ta amince da shi a can. Ƙungiyar masu wannan sha'awa, wadda ake kira EAA, an kafa ta a 1953, kuma tun 1970 take yin taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh, inda dubban jirage ke sauka. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta shar'anta cewa maginin ne zai yi fiye da rabin aikin da kansa. Mafi yawan magina sukan sayi sassa daga wani kamfani, su haɗa a garajin gida cikin shekaru. Kamfanin Van's na jihar Oregon shi kaɗai, jiragensa sama da 10,000 sun tashi ta wannan hanya. Maƙwabtanmu ma sun san su: jirgin koyon tuƙi mai suna Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna domin sojojin saman Najeriya, daga ƙirar RV-6A ta wannan kamfani aka samo shi.

Injin da aka saba sa wa irin waɗannan jirage shi ne Lycoming, mai fistan huɗu da ƙarfin doki 160 zuwa 180. Inji ne amintacce, to amma tsadarsa ta kai ta sabuwar mota. Wannan ya sa wasu magina suka juya ga injin mota, musamman na kamfanin Mazda na ƙasar Japan, wanda ba shi da fistan ko ɗaya. Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, aka fara tayar da shi a 1957. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, mu kira shi majuyi, wanda ke zagayawa cikin ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa. Da wannan zagaye yake shan iska da mai, ya matse, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Injin da ake kira 13B yana da majuyi biyu, girmansa lita 1.3 kacal, kuma manyan sassan da ke motsi a cikinsa uku ne: majuya biyu da sandar da suke juyawa. Shi ne ke cikin motocin RX-7 da RX-8, waɗanda aka daina ƙera ta ƙarshe a cikinsu a 2012.

Magina suna son wannan inji saboda ƙanƙantarsa, da rashin jijjiga, da kuma wata ɗabi'a mai daraja a sama: ko ya ji rauni, sau da yawa yakan ci gaba da juyawa har a sauka. Da yake yana juyi 6000 ko fiye a minti ɗaya, alhali farfela ba ta son wuce 2700, sai a sa akwatin giya a tsakani domin rage gudun. In an gyara shi da kyau yakan ba da ƙarfin doki wajen 170, wanda ya wadaci jirgi mai kujera biyu. Matsalar tana tasowa ne ga wanda ya gina mai kujera huɗu, ko wanda ke son ƙetare manyan duwatsun yammacin Amurka. A nan hanya ta rabu biyu: ko a ɗaura wa 13B turbo, ko a nemi yayansa, watau 20B, mai majuyi uku da girman lita 2, wanda ba tare da turbo ba yakan kai ƙarfin doki wajen 250.

Domin a fahimci zaɓin, sai a fara da iska. Inji yana ƙona mai ne gwargwadon iskar da ya shaƙa, iska kuwa tana raguwa in an yi sama. A duk mita 300 da aka hau, injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Zafi ma haka yake yi. Filin jirgin Damagaram yana bisa tudu mai wajen mita 460, amma ranar da zafi ya kai digiri 42, siranta iskar takan zama kamar ta mita 1500, inji ya rasa kusan kashi 15 cikin 100 tun bai bar ƙasa ba. Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata ƴar fanka, ita kuma ta juya ƴar uwarta mai tura iska cikin inji da ƙarfi. Wannan buƙata ce ta kawo shi cikin jirage tun asali: a 1918 injiniya Sanford Moss ya hau da injin jirgi kan dutsen Pikes Peak, mai tsawon mita 4300, ya nuna cewa turbo na iya mayar wa inji ƙarfin da tsawo ya ƙwace masa.

To bari mu yi lissafi kamar yadda ƴan kasuwa ke yi. A mita 3000, kowane inji marar turbo ya rasa wajen kashi 30 cikin 100. Ƙaramin ya sauko daga 170 zuwa 120. Babban ya sauko daga 250 zuwa 175. Ƙaramin da aka ɗaura wa turbo domin ya riƙe ƙarfinsa na ƙasa yana nan a 170. Ke nan daga ƙasa har zuwa mita 3000 babban inji ne ke gaba, kuma a lokacin tashi, lokacin da jirgi ke cike da mai da mutane yana neman tsallake itatuwan ƙarshen fili, ya fi ƙaramin da doki 80. Sai an wuce mita 3000 turbo ke fara cin riba. Ga shi kuma dokar Amurka ta ce matuƙin da ya wuce mita 3800 fiye da rabin awa sai ya sa abin shaƙar iska ta kwalba. Ribar turbo, ashe, mafi yawanta tana can inda mai ƙaramin jirgi ba ya yawan zuwa.

Masu son turbo suna da amsa. Sukan ce ai ba dole ne a tsaya ga riƙe ƙarfin ƙasa ba, ana iya ƙara matsin iska har ƙaramin inji ya kai babban, tun da a cikin motar RX-7 ta shekarun 1990 wannan 13B mai turbo ya wuce doki 250. Gaskiya ne, amma a dubi yadda mota ke aiki. Direba yakan taka mai har ƙasa na ƴan daƙiƙu ne in zai wuce wata mota, sauran tafiyar kuwa inji yana hutawa. Jirgi yakan tashi da dukan ƙarfinsa, ya kuma yi awa uku ko huɗu a kan kashi 65 zuwa 75 cikin 100. Wanda ya taɓa ganin babbar mota tana hawan tudu da kaya, to ya ɗauka tudun nan ba shi da ƙarshe.

A irin wannan aiki zafi ne ke yanke hukunci. Hayaƙin injin Wankel ya fi na injin fistan zafi, yakan kai wajen digiri 900, kuma shi ne ke bugun fankar turbo ba hutu. Turbon da ke zuwa da motar an auna shi ne domin titi. A sama, inda iska ta yi siranta, sai ya ƙara gudu domin ya cika aikinsa, har ya wuce iyakarsa, fukafukan fankar su karye. Bayan haka, iskar da aka matse takan yi zafi, dole a sa mata na'urar sanyayawa, a kuma sa mashigin da zai zubar da rarar hayaƙi in matsi ya yi yawa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ko man bai kai inganci ba, sai mai ya riƙa fashewa a cikin inji maimakon ya ƙone a hankali. A kan kowace kusurwa ta majuyi akwai ɗan siririn ƙarfe mai hana iska zurarewa. Shi ne ke fara karyewa, ɓarɓashinsa ya bi hayaƙi ya lalata turbon ma. Injin Wankel marar turbo yana haƙuri da isansi na gama-gari, amma mai turbo ba ya yafe wannan. Ga ɗan kasuwa, misalin a bayyane yake: turbo bashi ne, ana biyan ruwansa da zafi a kowace awa.

Babban inji shi ma ba kyauta ba ne. Mazda ta sa 20B a mota ɗaya tak, Eunos Cosmo, wadda aka sayar a Japan kaɗai daga 1990 zuwa tsakiyar shekarun nan, ba a ma ƙera 9000 ba, kuma ba dukkansu ke da wannan inji ba. Saboda haka samunsa da wuya, kuma ko da yake wasu sassansa ɗaya ne da na 13B, sandar tsakiya tasa ce shi kaɗai. A motar yana zuwa da turbo biyu, magina sukan cire su. Ya fi nauyi, ya fi tsawo, kuma nauyin duka a hancin jirgi yake zama, ga shi jirgi kamar sikeli ne: in gaba ta rinjayi baya, ɗaga hanci a lokacin sauka yakan gagara. Yana buƙatar ƙarin ruwa da ƙarin man inji domin sanyayawa, akwatin giyarsa ma sai ya fi ƙarfi. A jirgi mai kujera biyu wanda aka auna wa doki 180, ya zama kayan raƙumi a bayan jaki. Sai dai wahalhalunsa suna da wani hali mai kyau: ana iya ɗora su a kan sikeli a auna tun jirgi yana garaji, na turbo kuwa sau da yawa sai a sama suke bayyana.

Akwai iyakar da ta hau kan hanyoyin biyu, ita ce jikin jirgin kansa. Kamfanin Van's ya gargaɗi masu gina RV-10, mai kujera huɗu, da kada su wuce doki 260, kada kuma su sa turbo. Dalili kuwa, a can sama jirgi mai turbo yakan yi gudun da ya fi wanda agogon gaban matuƙi ke nunawa, har fukafuki da wutsiya su kama rawa su karye. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa a 2011 jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ke da kashi 21 cikin 100 na haɗurran da aka rasa rai, kuma mutuwar inji tana cikin manyan musabbabai. Shi ya sa jirgin da aka sa wa injin mota ake ɗora masa awa 40 na gwaji kafin ya ɗauki fasinja, alhali wanda injinsa da farfelarsa ke da shaidar hukuma awa 25 ta ishe shi.

Ra'ayinmu a nan shi ne, magini ya fara tambayar kansa abin da ya rasa. Idan kaya ne suka yi yawa, ko fili gajere ne, ko garin mai zafi ne, kuma jirgin an auna shi domin ɗaukar nauyin, to babban inji marar turbo ya fi, domin yana ba da ƙarfin a inda ake buƙatarsa ba tare da an ƙure shi ba. Idan kuwa tafiyarsa ta kullum a kan duwatsu masu wuce mita 3000 take, turbo yana da hujja, da sharaɗin a zaɓi wanda aka auna domin jirgi, a tsaya ga riƙe ƙarfin ƙasa, a kuma kashe kuɗi a kan sanyayawa. Mai jirgi mai kujera biyu kuma, galibi 13B yadda yake ya ishe shi, kuɗin turbo ya sayi mai da shi ya ƙara koyon tuƙi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, wanda kuma ya ɗauki iyalinsa sama shi ya fi kowa sanin haka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.